Layin kanu a fayil ɗin CSV: tsallake shi ake yi, ko karanta shi?

Tambaya: “Assalamu alaikum Malam. Ni ce mai kula da bayanan ɗalibai a ofishin wata makarantar sakandare. Malaman azuzuwa kan turo mini jerin sunaye a Excel, ni kuma in mayar da shi CSV in ɗora a MySQL. Abu biyu ke damuna. Na farko, layin nan na sama mai ɗauke da sunayen ginshiƙai yakan shige cikin tebur kamar shi ma ɗalibi ne. Ranar nan na tarar da ɗalibi sunansa ‘Suna’, mahaifinsa kuma ‘Sunan Mahaifi’. Na biyu, in na fitar da bayanai don in kai wa shugaban makaranta, sai su fito babu sunayen ginshiƙai a kai, sai na zauna na rubuta da hannu. Don Allah yaya ake yi?”

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya taimaka. In na fahimce ki, tambayarki kashi biyu ce: yadda za a hana layin kanu, wato layin farko mai sunayen ginshiƙai, shiga tebur a matsayin bayani, da yadda za a sa shi ya fito idan ana fitar da bayanai. Kowacce tana da gajeriyar amsa, kuma zan ba ki. Sai dai akwai ta uku da ba ki yi ba, wato abin da ke faruwa idan an juya jerin ginshiƙai a fayil, wadda a ganina ta fi su haɗari, kuma a kanta zan fi daɗewa, domin ita idan ta faru babu abin da zai yi ƙara ya sanar da ke.

Ga umarnin da za ki ba MySQL, manhajar rumbun bayanan da kike amfani da ita, wanda zai raba ki da ɗalibin nan mai suna “Suna”:

LOAD DATA LOCAL INFILE 'ss1a.csv' INTO TABLE dalibai
CHARACTER SET utf8mb4
FIELDS TERMINATED BY ',' OPTIONALLY ENCLOSED BY '"'
LINES TERMINATED BY '\r\n'
IGNORE 1 LINES
(lamba, suna, sunan_mahaifi, aji);

Layin da ya ce IGNORE 1 LINES shi ne maganin. In kuma ta phpMyAdmin kike ɗorawa, wato manhajar da ake sarrafa MySQL da ita ta burauza, a shafin shigar da fayil akwai gurbin da ake rubuta adadin layukan da za a tsallake daga sama, sai ki sa 1.

Me ya sa manhajar ba ta gane shi da kanta

Fayil ɗin CSV rubutu ne zalla, layi bayan layi, waƙafi na raba tsakanin bayani da bayani. Babu launi, babu rubutu mai kauri, babu wata alama da ke cewa wannan layin daban yake da na ƙasansa. A Excel idonki ne ke gane kanu, saboda an yi musu launi ko an kaurara su, amma da zarar kin adana a matsayin CSV duk wannan ado ya zube. Ko takardar da aka fi dogaro da ita wajen bayanin tsarin CSV, wato RFC 4180 ta watan Oktoban 2005, cewa ta yi layin kanu yana iya kasancewa, yana iya rashin kasancewa, kuma a wajen fayil ɗin ake faɗin ko akwai shi ko babu. Saboda haka MySQL ba ta da hanyar sanin “Suna” ba sunan mutum ba ne, sai an gaya mata.

Abin da ya sa ya shige shiru kuma, maimakon a dakatar da ke, shi ne kalmar LOCAL. Idan ana ɗora fayil da ita, MySQL kan mayar da kurakuran bayani su zama gargaɗi kawai, ta ci gaba da aikinta. Kalmar “Lamba” ta je ginshiƙin da lambobi kaɗai yake karɓa, sai aka mayar da ita 0, aka wuce. Don haka ki mayar da shi ɗabi'a: duk sanda kika gama ɗorawa, ki karanta ɗan layin da take bugowa mai nuna adadin layukan da suka shiga da adadin gargaɗi, in gargaɗin ya wuce sifili ki rubuta SHOW WARNINGS ki ga abin da ya faru.

Sauran rumbunan bayanai kowanne da nasa hali. PostgreSQL ba ta yarda da harafi a ginshiƙin lamba, nan take za ta tsayar da aikin gaba ɗaya, kuma umarninta na COPY yana da zaɓin HEADER. SQLite kuwa halinta biyu ne: in tebur ɗin bai wanzu ba, umarnin .import zai ɗauki layin farko ya yi sunayen ginshiƙai da shi, in kuma ya riga ya wanzu, zai zuba har da layin kanu a ciki, sai dai ki haɗa da --skip 1, wanda aka ƙara a siga ta 3.32 a 2020. Ma'ana, umarni ɗaya a kan fayil ɗaya, yau ya yi daidai, gobe ya ba ki ɗalibin bogi. A SQL Server ana sa FIRSTROW = 2 a BULK INSERT, a SQL*Loader na Oracle kuma SKIP=1.

Inda gizo ke saƙa

Ki lura da kalmomin nan duka: IGNORE, skip, FIRSTROW. Babu ɗaya cikinsu da ke nufin “karanta”. Duk jefarwa suke yi. Bayan an jefar da layin kanu, manhajar ba ta da abin da za ta bi sai matsayi: abu na farko a layi ya tafi ginshiƙi na farko a jerin da kika ba ta, na biyu ya tafi na biyu. Sunan da malamin aji ya rubuta a sama bai shiga lissafinta ba ko kaɗan.

Shekarun baya na yi wa wata makarantar maza aikin haɗa rajistar ɗalibai. Azuzuwa da dama sun turo fayil bisa tsarin da aka ba su: lamba, suna, sunan mahaifi, aji. Wani malami shi kuma, bisa sabo da takardun jarrabawa da ke fara da sunan mahaifi, sai ya juya ginshiƙan biyu. Bai ɓoye ba, ya rubuta kanunsa daidai a sama, “Sunan Mahaifi” sannan “Suna”. Umarnin da na yi amfani da shi ya jefar da wannan layin ba tare da ya duba ba, ni ma ban buɗe fayil ɗin ba. Babu kuskure, babu gargaɗi ko ɗaya, adadin ɗalibai ya cika cif. Kin san sunayenmu: Musa Ibrahim da Ibrahim Musa duka sunaye ne masu kyau, Sani Umar da Umar Sani ba wanda zai kalla ya yi zargin komai. Da makarantar mata ce, da ganin Abdullahi a gurbin sunan yarinya an farga. Sai da aka buga katin sakamako aka raba, wani mahaifi ya zo ofis da katin ɗansa a hannu, yana nuna sunansa da aka rubuta a matsayin na ɗalibi, yana tambaya ko shi aka yi wa jarrabawar ko yaron. Aji guda cur haka yake. Gyaran kansa bai ɗauki lokaci ba, amma sai da aka bi duk takardar da aka buga daga wannan rajistar aka sake ta. Da a rajistar jarrabawar fita abin ya shiga, da yaran sun daɗe suna yawon gyaran suna.

Tun daga nan na daina kallon layin kanu a matsayin shara da ake sharewa kafin a fara aiki. Shi ne kaɗai wurin da wanda ya haɗa fayil ɗin ya gaya mini abin da ya zuba a kowane ginshiƙi. Kafin a jefar da shi, sai an gwada shi da abin da ake jira.

Hanyoyin yin haka sun danganta da kayan aikinki. PostgreSQL, daga siga ta 15 da ta fito a Oktoban 2022, tana da HEADER MATCH: in adadin sunayen da ke layin kanu, ko rubutunsu, ko jerinsu bai yi daidai da na tebur ba, ba za ta shigar da ko layi ɗaya ba. Wannan shi ne abin da nake so a ce kowace manhaja tana yi. LOAD DATA na MySQL ba shi da irin wannan, don haka ke za ki yi binciken. Mafi sauƙi, ki buɗe fayil ɗin a Notepad, ba a Excel ba, ki karanta layin farko da idonki, ki kwatanta shi da jerin ginshiƙan da ke ƙarshen umarninki. In malami ya juya, ba sai kin taɓa fayil ɗin ba, jerin nan za ki juya ya zama lamba, sunan_mahaifi, suna, aji. In ya ƙara ginshiƙin da ba ki buƙata, misali “S/N”, ki sa @banza a matsayinsa cikin jerin, MySQL za ta karanta shi ta ajiye a gefe ba tare da ya shiga tebur ba.

In fayilolin suna da yawa, kowane zango azuzuwa ashirin ko fiye, ido zai gaji. A nan ɗan gajeren rubutun Python ya fi:

import csv
ake_jira = ['lamba', 'suna', 'sunan_mahaifi', 'aji']
with open('ss1a.csv', encoding='utf-8-sig', newline='') as f:
    kanu = [k.strip().lower().replace(' ', '_') for k in next(csv.reader(f))]
if kanu != ake_jira:
    raise SystemExit(kanu)

Aikinsa ɗaya ne: ya karanta layin farko, ya cire sararin da ya maƙale a gefen kalma, ya mayar da haruffa ƙanana, in bai dace da abin da ake jira ba ya tsaya ya nuna miki abin da ya gani.

Abin da ni kaina nake yi a aiki mai muhimmanci shi ne, ba na zuba fayil kai tsaye cikin tebur na ainihi. Ina da tebur na wucin gadi wanda duk ginshiƙansa rubutu ne, in zuba komai a ciki, in duba, in ƙirga, sannan in kwashe zuwa tebur na ainihi da INSERT da SELECT, ina ambaton kowane ginshiƙi da sunansa. In wani abu ya karkace, tebur na wucin gadi kawai zan share.

Akwai kuma kishiyar matsalarki, wadda za ki iya faɗawa yanzu da kika san IGNORE 1 LINES. In fayil ya zo babu layin kanu kika bar wannan umarnin, ɗalibin farko ne za a jefar, kuma shi ma shiru. Ki riƙa kwatanta adadin da ya shiga da adadin da ke rajistar malamin aji. In an ce ɗalibai 52 ne kika ga 51, ki fara duba na farko a jerin.

Abubuwan da ke ɓata layin kanu

Na farko ba ya ganuwa. Idan kika adana da zaɓin “CSV UTF-8” na Excel, yana sa wasu bayit uku a farkon fayil, EF BB BF, da ake kira BOM. Ido ba ya ganinsu, amma suna manne da sunan ginshiƙi na farko, sai “lamba” ta ƙi yin daidai da “lamba” alhali a allo iri ɗaya suke. Wani lokaci sukan bayyana kamar haka: ï»¿lamba. Dalilin da ya sa na rubuta utf-8-sig a sama ke nan, shi ke cire su. Wannan kuma shi ya sa ba na son a goge layin kanu da hannu a Excel kafin a adana. Mutane da yawa haka suke yi don su huta, amma BOM ba ya tafiya, sai ya koma ya manne da lambar ɗalibin farko ya ɓata ta. In layin kanu yana nan, shi zai ɗauke BOM ɗin su tafi tare.

Kada wannan ya sa ki koma tsohon zaɓin “CSV” na Excel wanda ba UTF-8 ba. A kwamfutocinmu yawanci da tsarin Windows-1252 yake adanawa, wanda babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsa, sai ya mayar da kowannensu alamar tambaya. Ɗanladi ya koma ?anladi, “Ƙaramar Hukuma” ta koma “?aramar Hukuma”, kuma in an riga an adana babu mai dawo da su. Sunan yaro hakkinsa ne a rubuta shi daidai da ƙugiyarsa, don haka bayanan da ke ciki a bar su a utf8mb4, tsarin haruffan MySQL da ke ɗaukar haruffa masu ƙugiya. Amma sunayen ginshiƙai na cikin rumbun, shawarata a rubuta su da ƙananan haruffa marasa ƙugiya, babu sarari, babu alama: karamar_hukuma, sunan_mahaifi. Ba don Hausa ba ta isa ba. Dalili shi ne mutum uku za su rubuta kalmar iri uku, wani ƙaramar, wani karamar, wani k'aramar, kuma a wurin kwamfuta sunaye uku ne daban. Sunan da ke cikin rumbu na injin ne, sunan da mutum zai karanta kuma za mu ba shi cikakkiyar Hausarsa wajen fitarwa.

Na biyu, abin raba bayani ba kullum ne waƙafi ba. In fayil ya fito daga kwamfutar da aka saita da Faransanci, kamar yadda ake samu daga Maraɗi, Damagaram ko Njamena, Excel zai raba da waƙafi mai ruwa (;), saboda a tsarinsu waƙafi na lambobi ne, 12,5 maimakon 12.5. Alamar da za ki gane haka ita ce layin kanu gaba ɗaya ya dunƙule ya zama ginshiƙi ɗaya. KoboToolbox ma, da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyi ke tattara bayanai da shi a waya, da waƙafi mai ruwa yake fitar da CSV ɗinsa. Shi kuma yana ba da zaɓi tsakanin gajerun sunayen ginshiƙai na cikin fom da cikakkun tambayoyin da mai tambaya ke karantawa. In rumbun bayanai za a kai, a ɗauki gajerun, domin tambaya ana iya gyara lafazinta gobe, sai kanun su canza.

Na uku, ƙarshen layi. Fayil ɗin Windows yana rufe kowane layi da alamu biyu, \r da \n. In ba ki gaya wa MySQL haka ba, \r zai manne da ginshiƙi na ƙarshe, sai ki nemi aji “SS1A” a ce babu kowa. Notepad na Windows 10 da 11 yana nuna wannan da batun BOM a ƙasan tagarsa.

Na huɗu shi ne wanda ya fi yawa a makarantu: takardar da aka tsara don bugawa. Sunan makaranta a layin farko, zangon karatu a na biyu, sannan kanu hawa biyu, “Lissafi” a sama an haɗe gidaje uku, ƙarƙashinsa “Gwaji 1”, “Gwaji 2”, “Jarrabawa”, haka “Turanci”, haka “Hausa”. Idan ta koma CSV, gidajen da aka haɗe sai na farko ne kaɗai ke riƙe da sunan, sauran fanko, kuma “Gwaji 1” ya maimaitu sau adadin darussa. Za ki iya cewa IGNORE 4 LINES, zai yi aiki yau, amma ranar da wani ya ƙara layi ɗaya a sama lissafin ya rushe. Irin wannan ba a gyara shi da umarni. Ki haɗa fom guda na Excel mai layin kanu ɗaya tak a layin farko, kowane suna daban, lissafi_gwaji1, lissafi_gwaji2, lissafi_jarrabawa, ki kulle layin da kariyar shafi, ki raba wa malamai. Takardar bugawa mai tambarin makaranta daga rumbun za ta fito daga baya.

Wajen fitarwa

In da SELECT da INTO OUTFILE kike fitarwa, ba laifinki ba ne, wannan umarnin ba ya rubuta kanu sam. Dabarar da aka saba ita ce a haɗa layin sunaye da bayanan ta hanyar UNION ALL. Tana aiki, amma da zarar kin ƙara ORDER BY a ƙarshe don a jera sunaye, layin kanu ma za a jera shi tare da su, ki same shi a tsakiya, tsakanin Sulaiman da Sunusi. Sannan fayil ɗin a kan saba (server), wato kwamfutar da rumbun yake ciki, ake rubuta shi, ba a kwamfutarki ba, kuma sau da yawa saitin secure_file_priv kan taƙaita inda za a ajiye shi. Ni ba na ba ki shawarar wannan hanyar don aikin ofis.

A phpMyAdmin, shafin fitarwa na CSV yana da akwatin da ke cewa a sa sunayen ginshiƙai a layin farko, danna shi kawai za ki yi. MySQL Workbench ma yana fitar da sakamakon bincike da kanunsa. In ta layin umarni kike aiki, mysql tare da -B da -e yana bugo kanu da kansa, sai dai da tab yake rabawa maimakon waƙafi, kuma Excel yana buɗe irinsa.

A nan ne za ki ba shugaban makaranta sunayen da zai ji daɗin karantawa, ta hanyar AS:

SELECT suna AS 'Suna', sunan_mahaifi AS 'Sunan Mahaifi',
karamar_hukuma AS 'Ƙaramar Hukuma'
FROM dalibai ORDER BY suna;

Kafin ki fitar, ki tambayi kanki wa zai karɓa. In mutum ne, a ba shi kanu masu kyau da ƙugiyoyinsu. In wata manhaja ce, ko ke da kanki za ki mayar da shi rumbu wata rana, ki bar sunayen ginshiƙai na asali yadda suke, kuma ki ambaci ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya maimakon SELECT *, domin ranar da aka ƙara ginshiƙi a tebur, fayil ɗin da ke fita zai canza siffa ba tare da kowa ya sani ba, wanda ke karɓa bisa matsayi kuma ya shiga irin halin da na ba ki labari.

Binciken kanu yana da iyaka, Malama. Yana kama wanda ya juya ginshiƙai ya kuma faɗa a sama. Ba ya kama wanda ya bar kanu daidai amma ya zuba sunan mahaifi a ƙarƙashin “Suna”, kuma fom mai kulle ma bai hana wannan ba. Ga lambobi da kwanan wata, nau'in ginshiƙi kan tona asiri, amma ga sunaye biyu babu umarnin da zai raba Musa Ibrahim da Ibrahim Musa. Abin da nake yi shi ne, bayan kowace ɗorawa in buga jerin ajin in mayar wa malamin da ya turo, ya kira sunayen a aji, ya sa hannu, kafin a buga kati ko a tura rajistar jarrabawa. In kin gwada umarnin na sama gargaɗi bai ɓace ba, ki turo mini layin kanu kaɗai yadda ya fito a Notepad, tare da abin da SHOW WARNINGS ya nuna, ba tare da sunan ɗalibi ko ɗaya ba, sai mu duba tare.